Atamfar Zaɓe a Kasuwar Jidda

Tun a Ƙofar Marusa, kafin a ɗaure kaya, Hajiya Rabi ta gaya wa mijinta cewa umara da yara huɗu wahala ce. A bar su wajen kakarsu, mako biyu ne kawai. Alhaji Sada ya ce wahalar tafiya da yara rashin tsari ne, mata kuwa ba su san tsari ba. Shi da ya kula da rumfunan zaɓe na unguwa guda har soja suka koma bariki, yara huɗu ne za su gagare shi?

Ya kafa doka. Ba mai magana sai an tambaye shi, ba mai shiga gabansa. Abin da ya fi alfahari da shi kuwa shi ne kaya iri ɗaya. Akwai ragowar atamfar ɗan takararsu jibge a ɗaki, kore shar mai ratsin ruwan ƙwai, wadda shi da hannunsa ya bi gida-gida yana rabawa lokacin neman ƙuri'a. Ya kai wa tela aka ɗinka wa Ramla, da Siddiƙ, da Usman, da ɗan auta Mudassir, mazan har da hula. Komai cunkoso, in ji shi, ido zai tsinto su daga nesa.

A Makka da Madina komai ya tafi daidai. Rabi ce mai wanka, ita ce mai ciyarwa, ita ce mai goyo da lallashi. Alhaji yana gaba da carbinsa, in ya waiwayo ya ga kore na biye da shi, sai ya ce ba ga shi ba.

Ana gobe jirginsu zai tashi daga Jidda, ƙafafun Rabi suka kumbura. Alhaji ya ce ta huta, shi zai kai yaran kasuwa sayen tsaraba, ta ga yadda ake yi. Daga bakin ƙofa ya buga musu kira. Rabi ta faɗi wata magana daga ciki, amma mai tasi na danna oda a ƙasa, bai tsaya ji ba. Ya shige gaba ya zauna, ya kama gardamar hanya da direba da guntun Larabcinsa.

Kasuwa ta cika maƙil, rana ta ƙwalle. Ba a yi nisa ba Usman ya fara rawar fitsari. Takalmin Siddiƙ ya tsinke. Alhaji ya tsaya gaban mai turare yana share gumi, ya tuna bai ƙirga ba tun fitowarsu. Ya ƙirga. Uku.

Ya sake ƙirgawa da yatsa. Ramla, Siddiƙ, Usman.

Ramla ta ɗan matso. "Baba, ai Mudassir..."

"Rufe mani baki. Ke ce babba, ke ya kamata ki riƙe shi."

Yarinya ta sunkuyar da kai. Ba ta taɓa maimaita wa ubanta magana ba, ba kuma yau za ta fara ba.

Ya jera su suka kama rigar juna, ya shiga ratsa layuka. Layin darduma, layin agogo, layin dabino. Duk wanda ya tara da tambaya sai ya kaɗa kai ya wuce. Babu kalmar da ta zo masa sai "yaro", ita ma da Hausa. Ya yi tunanin ƴan sanda, ya tuna fasfo na wajen Rabi. Ya yi tunanin komawa masauki, ya hango fuskar Rabi, ya fasa. Ɗan shekara biyu da rabi, a garin da ba ya jin harshen kowa. Duk lokacin da Ramla ta ɗaga ido, sai ya harare ta, ta mayar ƙasa.

Sun kusa awa guda suna yawo, sai ya hango kore shar a layin mayafai, bayan wasu mata da suka duƙufa kan ciniki. Yaron yana tsaye da ƴar hularsa ta rufto har ido, baki da kumatu duk alewa. Alhaji bai yi wata-wata ba, ya sure shi ya saɓa a kafaɗa. Yaron ya tsala ihu, yana shure-shure. Alhaji bai damu ba, dama ɗan autan bai taɓa yarda da shi ba, kullum yana manne da uwa. Can baya wata murya na ta ƙwala kira da Hausa, amma kasuwar cike take da mutanenmu, kowa da nasa kiran. Ya tura sauran cikin tasi.

A hanya yaron ya yi kuka har ya gaji, ya kife fuska a wuyan Alhaji ya yi barci. Ba a sayi tsaraba ko ɗaya ba. Alhaji ya ja wa manyan kunne: kada wanda ya kuskura ya gaya wa uwarsu abin da ya faru. Siddiƙ dai sai leƙen yaron yake yi, yana kallon Ramla.

Ya hau bene yana haki, ya gyara hula, ya saita fuska, ya ƙwanƙwasa.

"Ga su nan cif, huɗu," in ji shi tun ƙofa ba ta gama buɗewa ba.

Rabi ta dubi manyan uku, ta dubi na kafaɗarsa, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta juya a hankali don ya ga Mudassir, goye a bayanta yana sharar barci, inda yake tun safe da zazzaɓi.

"Alhaji, ɗan wa ka ɗauko muna?"