Alƙali a Bakin Rafi

Awa uku muna tsaye cikin wani rafi a duwatsun Shenandoah na Amurka, ko kifi ɗaya ba mu kama ba. Watan Oktoba ne, ruwa ya ja baya, ya yi garau.

Baba na zaune kan dutse, ya ƙudundune cikin rigar sanyina. Da ƙyar na yarda ya biyo mu daga Manassas. A mota na ce wa abokan aikina tsohon alƙali ne. Alhali shekara arba'in ya yi yana sana'ar su a Yawuri.

"Rilwanu, inuwarka suke gani," in ji Baba. "Durƙusa. Jefa ƙugiyar ƙarƙashin waccan saiwar."

Ina jefawa kifi ya cafke. Kafin azahar na kama biyar.

Greg, shugabanmu a ofis, ya taho yana haki. "Tambaye shi, a ina ya koyi wannan?"

Ina cikin ƙulla ƙaryar da zan ce ita ce amsarsa, sai Baba ya miƙe, ya gyara hula. Ya amsa da kansa, da Turancin da ban taɓa sanin yana ji ba.

"Ni alƙali ne. Ɗana ne ya koya mini."

Greg ya dafa kafaɗata yana ta yabo. Baba ya matso, ya rage murya, ya koma Hausa.

"Na ji abin da ka gaya musu a mota. Na faɗa daidai, ko akwai abin da zan ƙara?"