Ranar da Inna Ta Goya Ni

Ina 'yar shekara sha huɗu, muna zaune a Laranto, jinin al'ada ya zo mini ya ƙi ɗaukewa. Sati ya bi sati, na yi shiru. Tsorona kada a ce ɓari na yi, don haka aka yi ta faɗa a kan wata yarinya a layinmu.

Wata la'asar ina bayan ɗaki ina wanke tsummokaran ƙunzugu. In tsuguna, in miƙe, in leƙa ko wani na tafe. Ana haka jiri ya kwashe ni.

Da na farfaɗo, Inna ce a kaina. Ta ja fatar idona ƙasa, yatsanta na warin albasa.

"Fari fat," ta ce. "Wannan ba al'ada ba ce, ciwo ne."

Goggo, ƙanwar Baba, ta ce, "A jiƙa mata sassaƙe tukuna. Kuma a tambaye ta, yaran yanzu..."

"Likita zai tambaye ta. Miƙo min zani."

A asibiti aka ce hakan na samun 'yan mata sabbin farawa, aka ba ni maganin tsayar da jinin da na ƙara shi. Amma hanyar zuwa nake tunawa. Ni ce 'yar farinta, ko sunana ba ta faɗa saboda kunya, sai ga shi ta goya ni, ƙatuwa da ni, ta ratsa tashar mota ana kallonta. Har yau ina jin hakinta a ƙirjina.