Littattafai Bakwai na Ɗan Mai Daddawa

Zauna ki ji, tunda na ga idonki ba ya sauka daga kan 'ya'yan mutane. Zamanin da ake kashe sule da sisi, an yi wata mai daddawa, ɗanta guda ne tilo, ɗan shekara goma sha biyar, mai kunya. Katanga ce ta raba ta da wata mai kitso, wadda nata ɗan kullum da la'asar yana ƙofar gida riƙe da littafi, masu wucewa suna sa masa albarka. Duk albarkar da aka sa, sai mai daddawa ta ji kamar an watsa mata barkono a ido. Ita ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Ranar kasuwa ta sayar da tunkiyarta, ta nufi mai baza littattafai a bakin tasha, ta ce, "Ba ni waɗanda suka fi na ɗan mai kitso kauri." Ya ɗebo mata bakwai, kowanne da hoton wani mutum cikin kwat a bangonsa. Ta ɗauka babban ma'aikaci ne, ashe labaran wani ɓarawo ne da ba a taɓa kama shi ba. Ta shimfiɗa wa yaron tabarma daidai inda maƙwabciya za ta gani, ta hana shi gona, ta hana shi ɗiban ruwa. Ba ta taɓa cewa ya karanta mata ko layi ɗaya ba. Ita dai a gani.

Yaro ya sha karatu har ya fara yi wa mutanen gari kallon wawaye. A littafin ya ga ana danna mabuɗi a jikin sabulu don a ƙera irinsa. Ya faki idon wani mai atamfa yana alwala, ya danna mabuɗin shagonsa, ya kai wa maƙeri sabulun. Abin da littafi bai gaya masa ba, maƙeri ɗaya ne a garin, kuma shi ya yi wa mai atamfa wannan mabuɗin da hannunsa. Maƙeri ya ƙera masa, sannan ya je ya tsegunta wa mai atamfa. Ranar Juma'a mutane suna masallaci, yaro ya buɗe shago, ya tarar da 'yan doka biyu zaune a kan dilolin atamfa. Alƙali ya tura shi gidan horon yara, shekara uku. Wadda ta fara shigowa jaje ita ce mai kitso, da ƙwaryar fura a hannu, tana kuka har cikin ranta, kuma kukan nan ya fi hukuncin alƙali ƙona mai daddawa. Shi ne Hausawa suka ce, garin neman gira an rasa ido.