Cikin Akwatin Ga Ana Dawowa

Shekarar da gubar dalma ta ɗauke autanmu, wata rana da la'asar na ja Inna gidan maƙwabta kallon fim, ko za ta ɗan saki ranta. Ɗakin sai warin hayaƙin janareta. Can wani yaro ya fito a talabijin yana dariya. Inna ta damƙe hannuna.

"Wanga yaro ba shi munka gani ya mutu a wancan fim ba?"

Na ce, "Wasa ne, Inna."

Ba ta ji ni ba. Ta matsa har numfashinta ya taɓa gilashin, ta ce a hankali, "Ashe cikin akwatin ga ana dawowa."

Ko hoton Auta ɗaya ba mu da shi. Har yau ba na iya kashe talabijin da yaro a ciki.