Albasar da Na Kai wa Likita

Wautar da na tafka ina ɗan shekara goma sha uku ita ce cusa albasa a hamata don in tsere wa noma. Abokaina a 'Yandoto sun rantse mini jiki zai ɗau zafi. Na kwanta ina nishi kamar raƙuma mai naƙuda. Maimakon Baba ya bar ni in sha barci, sai ya ajiye fartanya, ya goya ni a keke har asibitin Tsafe.

Likitan da muka tarar shi ne wanda daga baya ya zama minista. A lokacin siriri ne, takalminsa duk laka. Ya sa mini abin awo a ƙirji, ya ja numfashi sau ɗaya, sannan ya tura Baba yankar kati.

"Fidda ta kafin ta dahu," ya ce.

Na miƙa masa ita a tsorace, don na san bulalar Baba.

"Tsohon ga ya bar gonarsa saboda kai. Gobe ka riga shi zuwa, ni kuwa ban ga komi ba."

Da Baba ya dawo ya ce, "Likita, mi ke damun shi?"

"Da sauƙi, Malam. Gobe zai tashi garau."

Har yanzu in na gan shi a talabijin, kunya nake ji. Washegari na riga Baba zuwa gona. Har ya rasu yana ba mutane labarin likitan da ya warkar da ni ba ko allura.