Sakamakon da Ke Riga Mai Shi Isa Gida

Sau uku a wata guda sakamakon gwajin jini ya riga mai shi isa gida. Ta ƙarshe wata amarya ce. Kafin ta sauka daga mota, dangin mijinta sun san ciwon da ke jikinta, auren kuwa bai ƙara mako ba.

Manajan asibitin ya tara ma'aikata yana huci. Kwas na kwana uku ya taɓa yi kan tsaron bayanai, tun daga nan yake yi wa kowa kallon jaki. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ya sa aka canza kalmomin sirri, ya hana shiga ɗakin ajiya da waya, ban da tasa. Shi bai yarda da takarda ba, in ji shi. Duk fayil ɗin da ya bi ta teburinsa sai ya ɗauki hotonsa, ko gobara ta tashi wayarsa ta adana komai da kanta.

Binciken nasa abu ɗaya ya gano: kullum a bakin mata zancen yake fara fitowa. Ke nan mace ce ɓarauniyar. Wannan shi ne iyakar basirar mai kwas.

Da aka rasa mai laifi sai aka nemi marar gata. Inna mai fayil ta shekara goma sha tara a ɗakin nan, wayarta ma ko hoto ba ta ɗauka, kuma da wannan aikin take riƙe marayun ɗanta. Manaja ya ce tsofaffi irinta su ne ƙofar da ɓarna ke shigowa. Abokan aikinta, jarumawan banza, kowa ya sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, ko sunan maras lafiya ban taɓa faɗa wa 'yata ba," in ji ta.

Ya miƙa mata takardar kora ba tare da ya ɗago ba.

Mako biyu ba ta leƙa waje ba, don unguwa ta riga ta sa mata suna mai tonon asiri. Ƙanwarta ce ta gaji, ta ja ta shagon kitso, wai a gyara kai kafin a fita neman wani aikin. Shagon cike yake da mata masu jiran layi, ana ta miƙa wa juna wata kwamfutar hannu don zaɓen samfurin kitso. Da ta iso hannun Inna, ta goga yatsa sau biyu. A na uku sai ga takardar gwaji, da suna da komai. Ta sake gogawa, ga wata.

Mai shagon ta leƙo, tsinken tsaga a bakinta.

"Wuce su, Inna, tarkacen maigidana ne. Tun da ya ba ni tsohuwar kwamfutarsa, duk abin da ya ɗauka a ofis nan yake faɗowa. Ai shi ne manajan asibitin can."