Makarar Tanko Za Ta Biya Ta Kotu

Tun da aka kafa sabuwar doka, duk wanda aka gwada magani a kansa yana yawo da 'yar na'urar shaida da aka dasa masa a damtse. Kotu ba ta karɓarta sai a jikin mai ita.

Tanko ya rasu ranar da zai je kotu ya nuna cewa maganin sikilar da wani kamfani ya mallake a matsayin sabo, shi aka gwada masa tun yana saurayi. In kotu ta yarda, mallakar kamfanin za ta rushe, maganin ya yi araha.

Ana gama yi masa sutura, matarsa Ladidi ta tare bakin zaure.

"Yaya Sallau, makarar nan sai ta biya ta kotu."

"Haba Ladidi," in ji wan mamacin. "Ana yawo da gawa? Ga motar kamfani, kyauta za su kai shi maƙabarta."

Ta harari motar. Tun kafin ya cika take fake a gindin darbejiya.

"'Yarsa na ɗaki tana murƙususun sikila, maganin ya fi ƙarfinmu. Ko ku ɗauka, ko mu mata mu ɗauka."

Sallau ya sunkuya ya kama makarar, ya juya ta wajen kotu.